Hoton biki ya cinye mini mako, yaya ake samar wa hoton son rai wuri?

Sabon_Sutudiyo:

Assalamu alaikum manyanmu a sana'a. Ina da ƙaramin sutudiyo, aikin yau da kullum hoton fasfo ne da na yara da na ma'aurata, ƙarshen mako kuma biki. Kayan aikina kyamara ɗaya mai ƙaramar sensa (farantin cikinta da ke kama hoto), gilashin 50mm f/1.8 da na 18-55mm, filash ɗaya da lemar tausasa haskensa. Abin da raina yake so shi ne in ɗauki tsofaffin masu sana'ar hannu na cikin birni: marina, dukawa, maƙera, wanzamai, masu ɗinkin hula. Tambayata uku ce. A ina ake samo lokacin, tunda gyaran hotunan biki yana kai ni har Alhamis? Da wane kuɗi, tunda babu mai biya? Kuma kayan da nake da su sun isa, ko sai na ƙara? Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Hannu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in ɗauki biyun farko, na ukun akwai waɗanda suka fi ni a nan.

Lokacin ba nemo shi ake yi ba, ƙwato shi ake yi daga hannun gyara. Ɗauki biro ka yi lissafin biki guda mai kamu da ɗaurin aure da dina. A ce ka dawo da hoto 1,500. Tacewa kawai, daƙiƙa uku kowanne, minti 75 ke nan. Ka zaɓi 300, kowanne ya ci minti biyu na gyaran haske da launi, awa goma. Guda ashirin na amarya da za a goge wa fuska, minti goma sha biyar-biyar, awa biyar. Awa goma sha shida da 'yan kai ke nan, ban sa zuwa wajen wankin hoto ba, ban sa tsara albam ba, ban sa kiran ƙawar amarya mai cewa a rage mata kumatu ba. Ga inda makonka yake tafiya.

Maganinsa yana wajen ciniki, tun kafin ka taɓa kyamara. Ka rubuta wa mai biki adadin hotunan da zai karɓa, misali 150 masu gyaran launi da 15 masu gyaran fuska, da ranar da zai karɓa, da cewa gyara na biyu sau ɗaya ne, na uku da kuɗinsa. Ko a saƙon WhatsApp ne ya wadatar, in dai ya amsa da "na yarda". Kafin alƙalami kada ya gaza rabi, kuma ba a riƙe wa kowa rana da baki. Cikon kuma a biya kafin hotuna masu cikakken girma su bar hannunka. Wanda ya miƙa kafin a cika masa, zai ƙare mako biyu yana bin bashi, wannan ma lokacin da ya kamata ya tafi karofi wajen marina ne.

Sai ka ware safiya ɗaya a mako, ta Talata ko ta Laraba, daga bakwai zuwa goma. Ka rubuta ta a littafin aiki kamar yadda kake rubuta biki, in wani ya nemi wannan lokacin ka ce akwai aiki, don kuwa akwai. Yaron shago ya riƙe hoton fasfo, ba abin da zai gagare shi in ka kafa masa fitila da alamar tsayawa a ƙasa da salatif. Shekara ma tana da nata numfashin. Bukukuwa suna cunkushewa kafin azumi, da bayan sallah, da Disamba. Cikin azumi kuwa kusan babu biki sai an doshi sallah masu sababbin kaya su cika shago, don haka makonni ukun farko su ne damarka mafi girma a shekara, kuma da safe masu sana'a suna bakin aiki kafin rana ta yi zafi.

Kuɗi kuwa, daga farashin biki zai fito, kuma yawancinmu ba ma sa kuɗin tsufan kaya a ciki. Shotar kyamara, wato labulen cikinta da ke buɗewa ya rufe a duk dannawa, tana da iyakar da kamfani ya ƙiyasta mata: Canon 6D dannawa 100,000, Canon 5D Mark III da Nikon D750 kuma 150,000. Ƙananan kyamarori galibi ba su kai 150,000 ba. In kana danna 1,500 a biki, kyamara mai 150,000 biki ɗari ce a lissafi. To in irinta ce taka, raba kuɗinta gida ɗari, abin da ya fito shi ne abin da kowane biki ke ci a jikinta, ka ɗora shi a farashi ka ajiye gefe. Ka ƙara man janareto, data, kuɗin mota da na yaron da ke riƙe maka fitila. Bayan wannan sai ka cire kashi biyar cikin ɗari na kowane aiki zuwa wani asusu daban, na aikin son rai kaɗai. Ba ya buƙatar da yawa: kuɗin mota, goro, da wankin hoton da za ka mayar wa mai shi.

Abu na ƙarshe, jerin da ka kawo ya yi faɗi. Sana'a biyar a safiya ɗaya a mako, shekara za ta ƙare kana da tarkacen hotuna da ba su san juna ba. Zaɓi ɗaya. J.D. 'Okhai Ojeikere yana aikin kuɗi ne lokacin da ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya yi ta yi shekara da shekaru har ya tara kusan dubu, abu ɗaya, bango fili, sau da yawa ma daga ƙeya. Samuel Fosso kuwa, da ya buɗe sutudiyo a Bangui, babban birnin Afirka ta Tsakiya, a 1975 yana ɗan shekara 13, ragowar fim ɗin kwastomomi yake ƙarasawa da hoton kansa bayan an tashi aiki. Dukansu ba su rufe shago ba.

Mai_Fitila:

Malam ya gama magana a kan lokaci, sai dai ina da ƙari: rabin waɗannan awanni goma na gyaran launi kuskuren wajen ɗauka ne ake biya a kwamfuta. In ka bar kyamara tana zaɓar farin launi da kanta, kowane hoto zai fito da nasa launin, dole ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka kafa shi da hannu, wajen 5500K (K ma'aunin launin haske ne) in da filash ko hasken rana kake aiki, wajen 3200K in ƙwan fitila mai ja ne, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta gyara ba, ka ɗauki farar takarda ko katin toka sau ɗaya duk inda haske ya canza. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom sai ka gyara guda ɗaya ka kwafa wa sauran na wurin. A zauren dina kuma, wutarmu 50Hz ce, fitilu da yawa suna ƙyaftawa sau ɗari a daƙiƙa. Shi ya sa kake ganin ratsi-ratsi ko launi yana sauyawa tsakanin hoto da hoto in ka sa saurin shota 1/250 na daƙiƙa ko sama ba filash. Ka tsaya a 1/100 ko 1/50. In da filash ne kada ka wuce iyakar da kyamararka ke daidaita da shi, galibi 1/200 ko 1/250, in ba haka ba baƙin layi zai yanke maka gefen hoto.

Kayanka sun isa, kada ka sayi komai tukuna. Gilashin 50mm a ƙaramar sensa yana ba ka abin da 75mm ko 80mm ke bayarwa a babbar sensa, wato daidai hoton mutum. A nisan mita biyu zuwa biyu da rabi, kyamara a tsaye, za ka samu daga kai zuwa ƙugu. In kana son mutum a zaune da kayan aikinsa gaba ɗaya, sai ka ja baya mita uku da rabi zuwa huɗu, wanda rumfar maƙeri ko zauren baduku ba lallai su ba ka ba. A nan 18-55 ɗin da ake rainawa zai yi aiki, ka kafa shi a 30 ko 35mm. Kada ka sauko 18mm ka matsa kusa, hannun da ke gaba zai kumbura ya fi kai girma.

Babban kuskuren masu 50mm shi ne son f/1.8, wato buɗe ƙofar hasken gilashi duka, a komai saboda bayan hoto ya narke. A nisan mita biyu, abin da zai fito tas a f/1.8 bai fi santimita 11 ba daga gaba zuwa baya. A f/4 wajen 24, a f/5.6 wajen 34. Mai sana'a hannunsa yana gaban fuskarsa da 'yar tazara, kuma hannun nan rabin labarin ne. In ka buɗe gilashin duka, ko dai idon mutumin ya fito hannu ya dushe, ko akasin haka. Ka tsaya tsakanin f/4 da f/5.6, shota kada ta gaza 1/125 in yana zaune shiru, 1/500 in yana bugun ƙarfe, ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, ya hau 800 ko 1600 ba fargaba. Hoto mai ɗan tsakuwa ya fi hoto mai rawa.

Haske kuwa ƙofar zaure ta fi lemarka. Ka zaunar da shi kamu uku zuwa huɗu daga bakin ƙofa ta ciki, inda rana ba ta taɓa shi kai tsaye, fuskarsa ta ɗan karkata wajen ƙofar, kai kuma ka tsaya gefe kada ka tare hasken. Ɗaya ɓangaren fuskar in ya yi duhu da yawa, yaro ya riƙe farin kwali a nisan rabin mita. Ka tuna haske yana mutuwa da sauri: in ka ninka nisan mutum daga fitila, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa gare shi. Ƙofa ma kusan haka take, taku biyu zuwa ciki ya isa ya canza komai, kuma shi ne ke sa bangon baya ya yi duhu da kansa ba tare da ka rataya komai ba. Seydou Keïta a Bamako yawancin hotunansa da hasken rana ya yi su a tsakar gida, da ƙyalle a bango. A fili kuma, irin karofin Ƙofar Mata a Kano, daga tara da rabi rana ta hau kai, ramin ido ya yi baƙi, goshi ya yi ƙyalli. Ko dai ka gama kafin nan, ko ka nemi inuwar bango. Hazon hunturu yana tausasa rana kamar an sa mata labule, sai dai yana kashe launi.

Sai farar riga a kan baƙar fata, wadda ita ce jarrabawar kowa a ƙasar nan. Awon kyamara yana ganin farar shadda ya rage haske, fuska ta nutse. In ka ƙara da yawa kuma aikin wuyan rigar ya ƙone, ba ya dawowa. Ka kunna alamar da ke ƙyaftawa a inda haske ya ƙone, ka yi ta ƙarawa har rigar ta fara ƙyaftawa, sai ka koma baya kashi ɗaya cikin uku na mataki a ma'aunin hasken kyamara. Fuskar ka ɗaga ta da kwali tun a wurin, ragowar a RAW. Kuma don Allah kada hannunka na gyaran amarya ya biyo ka nan. Tsagar fuska, tamoji, shunin da ya kama hannun marini har gwiwar hannu, kanta a tafin maƙeri, su ka je ɗauka.

Ka zaɓi tsari ɗaya ka riƙe: gilashi ɗaya, nisa ɗaya, tsayin kyamara daidai idon mutum, hoto uku ga kowa, na fuska, na jiki da wurin aiki, na hannu da kayan aiki. In an jera talatin a bango, wannan daidaiton ne zai sa su zama aiki guda.

Anti_Mai_Hoto:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗan'uwa, duk abin da aka faɗa daidai ne, amma an tsallake ƙofar shiga, kuma a nan irin wannan aiki ya fi mutuwa.

Zuwan farko ba a zuwa da kyamara a wuya. Ka nemi wanda ke gaba a sana'ar, sarkin maƙera ne, sarkin aska ne, ko dattijon da ake jin maganarsa a rumfar, in unguwa ce ka fara da mai unguwa. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗi sunanka da inda shagonka yake, ka nuna hotuna biyu ko uku wankakku a takarda, ba a waya ba. Ka faɗi gaskiyar inda hoton zai je: intanet ne, baje koli ne, littafi ne. Wuraren da baƙi suka saba zuwa, za a ɗauka kai ma ɗan yawon buɗe ido ne ko wata ƙungiya ce ta turo ka da kuɗi, sai a sa maka farashi a kan kowane dannawa. In ka fara biya a kan hoto, ka kafa wa kanka haraji, kuma za a riƙa tsaya maka irin tsayuwar da aka saba yi wa baƙi. Abin da ya fi shi ne ka sayi abin da suke yi, ka kai rini, ka sa a yi maka wuƙa ko a ɗinka maka jaka, sannan ka dawo da hoto mai inci 5x7 cikin mako biyu. Wanda ya ga hotonsa a hannu shi zai kai ka wajen na gaba da shi.

Izini ka riƙe shi da shaida. Ba kowane dattijo ne zai so sa hannu a takardar boko ba, wani ma tsoro za ta ba shi. Ka ɗauki muryarsa a waya da yardarsa, ya faɗi sunansa da sana'arsa da cewa ya amince a nuna hoton a wurare kaza. A nan take ka tambayi shekarunsa a sana'ar, wajen wa ya koya, sunan kowane kayan aiki da bakinsa. Hoton tsoho ba suna ba bayani, bayan shekara goma hoton wani tsoho ne kawai. Wanda ya ce ba ya so, saboda addini ko don kansa, ka yi godiya ka wuce, ba a lallashi. Yaran da ke koyon aiki kuma sai da izinin babba. In aikin ya kai ka ga mata masu saƙa ko kitso a cikin gida, ka san ba shigarka ba ce sai da iznin maigida da na matar kanta, kuma sau da yawa ya fi sauƙi ka haɗa hannu da mace mai hoto.

Ina da saɓani kaɗan da masu cewa a riƙa tsintar aikin son rai a cikin na kwastoma. Dabarar Fosso ta yi ne don kansa yake ɗauka. Hoton amarya ba naka ba ne ka baje yadda ka ga dama, ko da kai ka ɗauka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba wanda ya sa a yi masa hoto don amfanin gidansa damar hana a wallafa shi ko a baje shi, sai in an yi wata yarjejeniya daban. Tun kafin doka ma, hoton matar aure guda ɗaya a Instagram ba da sanin gidan ba ya isa ya rufe maka ƙofar dangi gaba ɗaya. Ka sa tambayar a cikin saƙon ciniki, a amsa e ko a'a.

Sabon_Sutudiyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na tsayar da marina. Saura ajiya da wanki: a katin memori da kwamfutar shago nake barin komai, kuma shuɗi mai duhu yakan fito mini kamar baƙi a takarda.

Mai_Wanki:

Malam, katin memori ba ma'aji ba ne, kwamfutar shago kuma tana shan wutar janareto kullum. RAW na kyamara mai megafiksel 24 yana kai 25 zuwa 30MB, biki guda wajen 40GB ke nan, shi ya sa in wuri ya cika ake gogewa da gaggawa, a haɗa da abin da ba a yi niyya ba. Aikin marina ka raba shi da na biki tun daga kati, ka ware masa nasa. Kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a rumbun ajiya na waje da ba a barin sa a jone, ɗaya a wani gini daban ko a intanet. Ba a goge kati sai an buɗe kwafi na biyu an ga yana buɗuwa. Sunan kowace jakar fayil a kwamfuta ya fara da shekara, wata, rana, sannan wuri da sunan mutum, muryar da ka ɗauka ta zauna a jaka ɗaya da hotunansa.

Shuɗin da ke komawa baƙi dalili biyu ne. Na farko allon kwamfutarka ya cika haske, kana ganin inuwa a buɗe alhali a fayil ɗin a rufe take. Ka rage hasken allon zuwa wajen rabi ko ƙasa, har farin allo ya yi kusa da farar takarda a ɗakin. Na biyu, takarda ba ta iya ɗaukar zurfin shuɗin da allo ke nunawa. Ka ɗan ɗaga hasken shuɗin shi kaɗai, ka ɗan rage ƙarfinsa, ka fitar da fayil a tsarin launi na sRGB, don yawancin injinan wanki shi suke tsammani, in ka ba su Adobe RGB launi zai fito a mace. Ka ce wa mai injin ya kashe gyaran da injin ke yi da kansa. Ka gwada 5x7 guda uku masu haske daban-daban kafin ka biya kuɗin babba, ka duba su a hasken rana, ba ƙarƙashin fitilar shago ba.

Girma kuma, a 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci) hoto mai inci 8x10 yana son fiksel 2400 da 3000, na 12x18 yana son 3600 da 5400, kyamara mai 6000 da 4000 ta wadatar da duka. Sai dai hotonka 2:3 ne, 12x18 zai ɗauke shi cif, 8x10 kuwa sai an yanke wajen kashi ɗaya cikin shida na tsawonsa, don haka ka bar fili sama da hula da ƙasan hannu tun wajen ɗauka. In ta WhatsApp za ka tura wa mai wanki, ka tura a matsayin fayil, in ka tura a matsayin hoto zai matse shi.

Tunda karofi za ka, akwai toka da ƙura, ga hunturu. Kada ka canza gilashi a fili, ka ɗaura wanda za ka yi aiki da shi tun daga shago. Duk mako ka ɗauki farin bango a f/16, in ka ga ɗigo-ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ce a sensa: ka kifa kyamara ka hura da robar hura iska, ban da baki, ban da auduga. Da damina kuma gilashi ba ya kwana a jakar da ta sha raɓa, ka sa shi a roba mai murfi da ƙunshin silika, in ƙwayoyin sun canza launi ka busar da su ka mayar.